Ƙahon Ɓauna da Man Shanun Surukata

Sana'ata fiƙar katako ce. Shekara talatin da wani abu ina tsaye gaban injin juyi a wani ɗan shago a Jekadafari, ina fiƙe ƙafar gado da ta kujera da sandar labule. Katako yana juyawa, ni kuma in kanga masa bakin cizal, wato ƙarfen fiƙa, abin da ba na so ya zube ƙasa. Sana'ar ke nan, babu wani siddabaru. Da aka daina yayin gado mai ƙafa, kowa ya koma irin wanda ake girkewa daɓas a ƙasa kamar akwati, sai aiki ya ja baya, ni kuwa ba mutumin zama ba ne. A waya na ga wasu suna fiƙa alƙalami, irin biron nan mai nauyi da manya ke sa hannu da shi. Na ce yo wannan ai ƙafar kujera ce ƙarama! Na sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya riƙa taho mini da kayan ciki, wato bututun tagulla da bakin rubutu da maƙalin aljihu, ni kuma in fiƙa musu riga. Na fara da maɗaci da kanya, daga baya na koma ƙahon sa, tunda a mahauta ba ya wuya.

Ƙaho ba katako ba ne, kuma duk wanda ya ɗauke shi katako zai sha haushi. Da fari dai, yawancinsa holoƙo ne. Can wajen tsini kaɗai yake da tudu, bai fi tsawon tafin hannu ba, nan ne alƙalami yake, ƙaho ɗaya alƙalami ɗaya. Ga shi ba ya son zafi. In ka matsa masa da huji ya ɗau zafi, ba zai nuna maka a ranar ba, sai bayan sati ka ga tsaga ta fito. Bayan an huda shi kuma yana tsukewa, dole a bar shi ya huta sati biyu, a sake bin ramin, sannan a shafa gam a zura bututun. Abu na ƙarshe, gam ba ya kama wurin da maiƙo ya taɓa. Ko gumin yatsa ba na bari ya shiga ramin nan.

Sai wari. In ana fiƙar ƙaho, ƙauri yake yi irin na babbakar kai da ƙafa ranar Layya. Maƙwabcina a shago wanzami ne, Babarbare, tsoho mai bakin tsiya, kullum sai ya leƙo ya ce na kore masa masu aski. In ce masa, “Kai da kake kafa wa mutane ƙaho a gadon baya, kai ne za ka yi ƙorafin ƙaho?” Haka muke tun muna da baƙin gemu, kuma rana ɗaya bai buɗe shago ba sai in ji wurin ya yi mini faɗi.

Matata malamar firamare ce, ni ma Malama nake ce mata kamar kowa. Bafillata ce, kuma 'yar fari. Wanda ya zauna da Fulanin garin nan ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa kama sunanta ba. Ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yabonta, in za ta yi maganarta sai ta ce “waccan”. Ana yaye ta aka kai ta wurin kaka, can ta girma. Malama ta taɓa ce mini ita ba ta tuna ranar da hannun Inna ya taɓa jikinta ba. Ba da kuka ta faɗa ba, tana tsince shinkafa ne, amma na ji abin har cikin raina.

Abu ɗaya ne dai. Tun tana gidan kaka, duk wata sai an kawo 'yar kwalbar man shanu soyayye, mai ƙanshin kanumfari da citta, a ce “an ce a kawo”. Wa ya ce, ba a faɗa. Ta tafi makarantar kwana kwalba ta bi ta, ta yi aure kwalba ta biyo ta gidana. Duk Gombe babu mai suyar man shanu da wannan haɗin sai mutum ɗaya, kowa ya sani, kuma babu mai cewa komai.

Ni kuma tsakanina da Inna surukuta ce irin ta da. In na je gidanta a Manawashi, tun daga zaure nake cire takalmi. In tsuguna nesa, in gaishe ta ina kallon ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. In akwai magana mai nauyi, Malama ce ke kai wa ƙannenta, su kuma su kai wa Inna. Shekara talatin muna haka, lafiya lau, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

To, ranar wata Talata da hantsi, cikin bazara, ina tsaka da aiki sai na ji wanzami yana kirari: “Yau ga baiwata ta kawo kanta! Ina nonon da nake binki?” Wasan Barebari da Fulani ke nan. Na ɗaga kai, sai ga Inna tana saukowa daga keke mai ƙafa uku, da buhu a hannu. Matar da ba ta taɓa sanin ƙofar shagona ba! Na kashe inji, na tuɓe takalmi a kan garin katako, na tsuguna.

Ta zauna a bencin wanzami, ta juya fuska wajen titi. Bayan gaisuwa na ce, “Inna, da an aiko ai da na zo.”

“Wa zan aika? 'Yan aiken duk bakinsu a buɗe yake.” Ta tura buhun da ƙafa. “Buɗe.”

Ƙahon ɓauna ne guda biyu, baƙaƙe wuluk, masu faɗin gindi, suna sheƙi. Na san su. A zauren marigayi surukina suke rataye tun zuwana neman aure. Ma'aikacin gandun daji ne a zamaninsa, wata ɓauna mai rauni ta addabi wani ƙauye, hukuma ta sa aka harbe ta, aka bar masa ƙahon.

Inna ta ce, “An ce waccan za ta ajiye aiki.”

“Wata biyu ya rage, Inna.”

“Shekarar da aka haife ta aka kashe ɓaunar nan. Sa'arta ce.” Ta gyara mayafi. “Ka yi mata abin rubutun nan da kake yi. Kada ta ji daga inda ya fito.”

Kusan shekara sittin, yau ne za ta ba 'yarta abin da ba a cinyewa. Na ce in Allah ya yarda. Sai ta kafa sharaɗi: ƙahon nan bai taɓa kwana a wani gida ba tun da mai shi ya rataye shi, kuma ba zai fara yanzu ba. In yi aikina da rana, in an yi la'asar in mayar mata. Ta juya ta ce wa wanzami in maganar nan ta fita, ta san bakin da ya yi yoyo. Ya dafa ƙirji ya ce shi bawan sirri ne, ta ce bawa dai.

A ranar na yanke tsinin na farko da zarto, na huda shi a hankali, ina yi ina tsayawa ya huce. Rami ya fita sumul. Da la'asar na hau babur na kai mata komai, na ce zai huta sati biyu.

Ranar da na koma ɗauka, ta miƙo shi a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Tun kafin in kwance na ji ƙanshin kanumfari. Guntun ƙaho yana ta walƙiya, har cikin ramin. Ashe abin da ya sa ƙahonnin nan ba su tsage ba duk shekarun nan, ita ke sauke su tana shafe su da man shanu, yadda ake yi wa sanda da ƙwarya. A wurinta kula ce. Ta ga an raunata shi da huji, ta ƙara masa.

Na san abin da ya kamata in ce. Kalma biyar ce ko shida. Amma ina tsugune a gaban surukata, in buɗe baki in ce hannunta ya ɓata mini aiki? Na ce, “An gode, Inna,” na tashi.

A hanya na riƙa lallashin kaina. Ai ɗan mai ne, in na goge da tsumma da fetur zai fita, ni da na shekara talatin a sana'a. Na goge, na shafa gam, na zura bututu, na jira har azahar, na ɗora a inji. Da farko abin gwanin sha'awa. Ƙahon ɓauna ya fi ƙahon sa tauri da santsi, yana fita siri-siri fari kamar zare, yana taruwa a kan hannuna. Na kai rabi har ina 'yar waƙa. Sai na ji ƙas! Bututu ya suɓuce a ciki, ƙaho ya tsaya, cizal ya cafke shi. Gida uku ya rabu, ɗaya ya tashi ya bugi kwanon rufi.

Na yar da hula. Na zagi gam, na zagi mai sayar da gam, na zagi masu wutar lantarki da ba su yi mini komai ba a ranar. Wanzami ya shigo da aska a hannu, ya ɗauki guntu ɗaya ya shinshina, ya dube ni.

“Ka sani ai.”

“Fita mini daga shago!”

“Zan fita. Amma ka sani.”

Na sani ɗin. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da la'asar na kai mata gutsattsarin a cikin ɗankwalinta. Ta jera su a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ina jiran faɗa, da ma ta yi, da na ji sauƙi. Sai ta ce, “Ƙaddara ce. Akwai ɗan'uwansa.” Ta sake juya su, ta ƙara da cewa, “Ƙila man ne bai ishe shi ba. Zafin bana ya yi yawa.”

Ni kuma, babban banza, na ce, “Haka ne, Inna.”

Saura ƙaho ɗaya a duniya. Ba a sayo irinsa a kasuwa, ko an samu ma ba sa'ar Malama ba ne, ba na zauren ubanta ba ne. In wannan ya fashe, kyautar ta mutu, kuma na san Inna ba za ta sake yunƙurin irin wannan ba har ta koma ga Allah. Hanyar da na saba bi in isar da magana kuwa a toshe take, don ta hannun Malama take bi. A gida na kasa cin tuwon kirki. Malama ta ce, “Malam, lafiya kuwa?” Na ce zafi ne. Ta ce zafin bana har da sa mutum tsaki shi kaɗai?

Wanzami ne ya kawo dabara. Ya ce, “Kai suruki ne, bakinka a ɗaure. Ni kuwa babu abin da ba zan iya gaya wa Bafillata ba. Kai ni.” Na ga kamar an sauke mini dutse. Na yanke tsini na biyu, na huda shi ina addu'a, na goya wanzami a babur muka tafi Manawashi.

Ya faɗa mata kuwa, tiryan-tiryan, babu abin da ya rage. Ya ce man shanunta ne ya fasa na farko, gam ba ya kama mai, ta rufa wa bawan Allah asiri ta bar wannan a bushe. Gaskiya tsantsa. Amma da wace murya? Da muryar da ya shekara sittin yana tsokanar Fulani da ita, yana yi yana kaɗa hula. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, “Ikon Allah. Yau Babarbare ne zai koya wa Bafillata ƙaho? Ku da ba ku san saniya ba sai a cikin miya?”

“Ni da nake cin abinci da ƙaho!”

“Ƙahon tsotsar jinin mutane. Tashi ka ba ni wuri.”

Matan gidan suka kwashe da dariya, shi ma ya biye musu. Ni ina tsugune, na ji ana dariya, na yi murmushi. Ta ɗan waigo wajena, ba ta dube ni ba dai, kamar tana jiran in ce wani abu. Ban ce ba. A hanya wanzami yana ta cika baki wai ya isar da saƙo, ni ma na yarda don ina so in yarda.

Bayan sati biyu na koma ɗauka, na kwance ɗankwali, sai da mai ya naso a yatsuna. Wata jikarta ta ce ai Inna da gashin kaza take tura man har can cikin ramin, safe da yamma, wai don ta ba Babarbare haushi. Na fito zaure na sa takalmi, na hau babur, na tafi har kwanar titi. Sai na tsaya. Na zauna a kan babur ɗin nan rana tana dukana, ina jin haushin wanzami, ina jin haushin Inna, daga ƙarshe na rasa wanda zan ji haushi sai ni. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Na juya.

Tana zaune a gindin mangwaro tana jan carbi. Na tsuguna, na ba ta gefe, na fuskanci randar ruwa. Randar na yi wa magana.

“Inna, a gafarce ni. Abin da wanzami ya faɗa ba wasa ba ne. Man nan shi ya fasa na farko. A bayan ƙaho magani ne, a cikin ramin kuwa shi ke hana gam kamawa. In na ɗora wannan a haka, shi ma zai fashe.”

Na ji carbi ya tsaya.

“Tun na farkon ka sani?”

“Na sani, Inna.”

“Na ce man bai isa ba, ka ce haka ne.”

“Na ce.”

Wata kaza ta zo ta wuce ta tsakaninmu. Sannan Inna ta ce, “Kai! Kunya ta cinye mana ƙaho guda.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ja numfashi ta ce, “Ba kai kaɗai ba ne. Mu muka koya muku.” Sai kuma muryarta ta sauko: “Wannan ɗin ya mutu ke nan?”

Na ce bai mutu ba tukuna. Toka tana jan mai. In aka cika ramin da toka mai laushi, aka binne shi a cikinta a inuwa, ana sauyawa kullum har sati uku, sai in sake hudawa da ƙarfe mai ɗan kauri in kankare inda man ya jiƙa. Bangon zai yi siriri, ban yi alkawari ba, amma akwai rabo. Na ƙara da cewa in Allah ya sa an gama, akwai ranar shafa mai, kuma ita za ta shafa.

“Tokar murhuna za ta yi?”

“Ita ce ma ta fi.”

Sati ukun nan Inna ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Da kanta take tankaɗe toka da rariyar laushi, ta ɗura, ta zazzage, ta sake ɗurawa. In na je dubawa sai ta turo mini ƙwaryar ta ce wa bango, “A duba a gani ko an yi daidai.” Tokar farko tana fita a dunƙule, ta ƙarshe kuwa ta zubo a bushe. Har na fara jin daɗin zuwa gidan, abin da ban taɓa ji ba a da.

Saura kwana huɗu Malama ta ajiye aiki na ɗauko shi da sassafe. Hujin da nake yi cikin minti biyar, ranar sai da ya ci mini awa guda. In tura kaɗan, in zare, in ɗiga ruwa, in taɓa da leɓe in ji ko ya yi ɗumi. Garin da ya fara fita yana da danshi, na bayansa ya fito fari a bushe. Na ɗaga ƙahon wajen haske, bangon ya yi sirantar da har rana tana ɗan ratsa shi. Na karce bayan bututu da samfefa, na shafa gam, na zura, na ajiye. Ban taɓa shi ba sai bayan azahar.

Wanzami ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai ya yi awa biyu bai ce uffan ba. Na wasa cizal har yana aske gashin hannu, na yi bisimilla, na kunna inji. Ban yanka ba, shafa na riƙa yi. Zare yana fita, ƙauri yana tashi, ni kuwa kunnena yana kan sautin, don ƙaho yana sauya murya kafin ya fashe. Bai sauya ba. Na bi shi da samfefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har baƙin ya fito. A gefe ɗaya kuma sai ga wani siririn layi ruwan toka ya ratsa shi daga sama har ƙasa, wanda ba wanda ya san yana ciki duk shekarun da ya yi a rataye.

Saura matse baki da maƙali, inda ƙaho da yawa ke tsagewa a minti na ƙarshe. Na matsa a hankali, ido a rufe. Ya shige. Wanzami ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Ka ga amfanin zuwana ko?” Na jefe shi da tsumma, muka yi ta dariya kamar yara.

Da la'asar na kai wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta bi layin nan da farce. Ta sa aka ɗauko kwalba. Ta dangwali man da kan yatsa ɗaya, ta tsaya.

“Ko ya yi yawa?”

“Ya yi daidai, Inna.”

Ta murza shi tun daga kai har gindi, a hankali, ta daɗe tana yi, ta goge da bakin mayafinta. Ya kwana uku a wurinta. Ranar da na zo ɗauka ta ce, “Useko,” wato na gode da Fulatanci, ta sake tuna mini alkawarin kada Malama ta ji.

Ranar da Malama ta dawo daga makaranta a karo na ƙarshe, da kayan kyaututtuka niƙi-niƙi, na bari ta yi sallar la'asar ta zauna a tabarma a tsakar gida. Na miƙa mata a cikin 'yar jakar fata. Ta zaro, ta ce, “Kai, Malam! Wannan ai ya fi ƙarfin 'yar fansho.” Ta auna nauyinsa a hannu, ta jawo wata takarda ta rubuta sunanta, ta yaba yadda yake tafiya. Tana da wata ɗabi'a ta malamai, in tana tunani sai ta dafa alƙalami a leɓenta na sama. Ta dafa.

Na ga lokacin da ƙanshin ya isa. Hannunta ya tsaya. Ta sake shinshinawa, ta dubi baƙin ƙahon, ta daɗe, sannan ta dube ni.

“Malam, ƙahon mene ne wannan?”

“Ƙaho ne dai.”

“Wa ya shafa masa mai?”

“Ni dai fiƙa na yi.”

Ba ta sake tambaya ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ni ma na juya ina gyara sirdin babur da ba abin da ya same shi. Can ta tashi ta ɗauko mayafi ta ce, “Kai ni Manawashi.”

Na tsaya a bakin zaure, amma ina hango su. Ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta amsa wa bango kamar kullum, suka yi maganar zafi da tsadar gero. Sai Malama ta zaro alƙalamin ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu. Inna ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

“Abin rubutu ne? Ya yi kyau.” Ta ɗauka, ta juya shi. “Irin wannan yana son mai. In ba a shafa masa, tsagewa yake yi.”

Malama ta ce, “Ban iya ba, Inna.”

Matar da ta shekara talatin tana shafa wa 'ya'yana man nan! Inna ta sake juya alƙalamin. Sannan ta ce, “To, ki riƙa kawowa.” Ta kamo hannun Malama, ta buɗe tafin, ta sa alƙalamin a ciki, ta naɗe mata yatsu a kansa. Ba ta saki da wuri ba.

Shekara biyu ke nan. Kwalbar man shanu tana nan a ɗakinmu, ba ta taɓa yankewa ba. Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malama takan sa alƙalaminta a jaka in kai ta Manawashi a shafa masa mai, su zauna a gindin mangwaro har la'asar ta yi sanyi, ni kuma in dawo shago wanzami ya ishe ni da surutu. Ni mai sana'ar ne, na san ƙahon da aka gama ba ya bukatar mai fiye da sau ɗaya a shekara. Ban faɗa musu ba, kuma wannan karon ba kunya ce ta hana ni ba.